Rasuwar Eriyar da Ke Kan Rufin Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu bai daina warin ƙuna ba, ni mai walda na ƙarshen layi, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar eriyarmu ta rediyo, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aikina, bayan jinyar damina guda. Ta rasu tana da shekara shida da wata huɗu a kan rufi. Ba tsawa ce ta kashe ta ba, ba kuma ɓarawo ne ya taɓa ta ba. Yadda ta mutu yana tafe a ƙasa, kuma ba zan rage komai ba.

Ana roƙon tashar da ke bayan duwatsu ta karanta wannan takarda a filin sanarwa na safe, bayan labaran ƙarfe bakwai. Na san ta yi tsawo. Na kuma san mai karatun filin ba ya son doguwar takarda, don na sha jin yana jan numfashi idan aka jero masa sunayen dangi arba'in. Ya daure ya kai ƙarshe. Marigayiyar ta yi masa hidimar da bai san da ita ba.

Wanda bai san asalin marigayiya ba zai ce abin ya yi yawa a yi wa ƙarfe makoki, don haka sai in fara daga farko. Ina da ɗa namiji guda ɗaya. Aku muke ce masa tun yana ƙarami, saboda bakinsa ba ya hutawa. Yakan hau tulin ƙarafa ya riƙe sandar walda a gaban bakinsa, ya yi ta karanta wa ƙofofin da na haɗa labaran duniya. Ni dai na ɗauka ƙuruciya ce, za ta wuce. Na koya masa aiki, hannunsa kuma ya faɗa, har na kira mai zane ya ƙara kalma biyu a ƙarƙashin sunana a allon shago: DA ƊANSA. Fentin bai yi wata uku ba ya zo ya durƙusa ya ce an ɗauke shi aiki a tashar da ke bayan duwatsu. Akwai mutane a shagon ranar, masu jiran ƙofa da masu jiran taga. A gabansu na ce masa: “Surutu ba sana'a ba ce. In ka fita ƙofar nan, kada in ƙara jin muryarka a cikin gidana.” Ya fita. Shekara takwas ke nan. Magana zarar bunu ce, ni kuwa da na zaro tawa sai na ga girmana bai kai in mayar ba.

Na yi kusan shekara biyu ina cika baki. Uwargida takan yi waya da shi a bayan ɗaki, in yi kamar ban gani ba. Masu kawo aiki su ce sun je wancan garin sun ji shi a rediyo, muryarsa kamar an zuba mata mai, in ce su matsa min daga haske. Amma wata safiya, da babu kowa a shago, na ɗauki tsohon rediyona na fara murɗawa. Garinmu a kwari yake, duwatsu sun tare mu, tashar kuma tana da nisa. Abin da na samu shi ne shhhhh, sai can ƙasa wani abu kamar mutum yana magana a cikin rijiya.

Babu dabarar da ban yi ba kafin marigayiya ta zo. Na zare sandar rediyon har ƙarshe, na karkata ta gabas da yamma. Na ɗaura mata wayar rataye riga. Na ja waya na haɗa ta da ƙarfen taga, wanda ni na haɗa shi da hannuna, amma ya ci amanata, babu abin da ya kawo sai ƙarar injin niƙan maƙwabta. Abu ɗaya ne ya ɗan yi aiki: idan na kama sandar da hannu na tsaya a kusurwar baranda, na ɗaga ɗayan hannun sama, muryar takan fito kalma uku ta ɓace kalma biyar. A haka tela maƙwabcina ya same ni wata rana, ƙato da furfura, hannu a sama. Na ce masa kafaɗa ce ke damuna. Ya wuce abinsa, Allah ya saka masa.

Mai shagon kayan lantarki na bakin kasuwa shi ne ya haɗa ni da marigayiya. Ya shimfiɗa min iri uku a kan kanta. Ta farko siririyar waya ce mai hannu biyu, a manna ta a bangon ɗaki, ta ishi wanda tasha ke kusa da shi. Ta biyu zagayayya ce, tana ji ta kowane ɓangare, amma kunnenta ba ya zuwa nesa. Ta uku doguwa ce mai haƙarƙari biyar kamar ƙashin kifi, ita fuska ɗaya kawai take saurare, amma inda ta sa gaba sai ta jiyo. Ya tambaye ni wace tasha nake nema. Na ce duka. Ya ce to mai neman duka zagayayyar zai ɗauka. Na ce a'a, mai haƙarƙarin nake so. Ya dube ni ta saman tabarau, ya naɗe min ita a kwali, ya ce: “Baba, in ka hau, ka nuna ƙaramin bakinta wajen duwatsu.” Ashe duk garin an san ciwona, ni kaɗai nake tsammanin sirri ne.

Ranar da aka ɗora ta ba zan manta ba. Na yanko bututun ruwa mai kauri na yi mata sanda, na ɗaga ta sama da kwanon rufi da kamu shida, domin mai shago ya ce kwano yana ruɗa mata ji. Na nisanta ta da wayar wuta. Na ja mata wayoyi uku na ɗaure a kusurwoyin rufi saboda iska, na kafa ƙarfe a ƙasa na haɗa da sandar saboda tsawa. Kebul ɗin na bi da shi gefen bango a hankali, ban karya shi a kwana ba, na bar masa ɗan lanƙwasa kafin ya shiga taga don ruwan sama ya ɗiga a waje. Mahaɗar na naɗe ta da baƙin tef har sau bakwai. Tela ya riƙe min tsani. Uwargida na ajiye a gaban rediyo, na ce mata tashar da ke faɗin yanayin sama nake nema, saboda mai walda ba ya son ruwa ya same shi a waje. Ta ce to, ta gane. Ba ta tambaye ni inda za ta murɗa ba.

Juya eriya aikin mutum biyu ne, na sama ba ya jin abin da ke fita, na ƙasa ba ya ganin abin da ake juyawa. Ina murɗa sandar kaɗan-kaɗan, ita tana ƙwala min kira ta taga: “Saura! Saura! Ka wuce, Malam, koma! Koma kaɗan!” Rediyon yana shhhh, yana ƙir-ƙir-ƙir, sai shhhh ɗin ya fara sirancewa. Na daina murɗawa. Ta tagar nan murya ta taso har kan rufi, garau, kamar mai ita yana tsakar gida yana wanke hannu: “Masu saurare, ƙarfe bakwai ta buga, da fatan kowa ya tashi lafiya.” Na rungume sandar nan. Na yi fiye da rabin sa'a a sama, tela yana tambaya ko lafiya, ina ce masa noti nake ɗaurewa. Noti huɗu ne kacal a jikinta.

Saboda rantsuwata, ban bar rediyon a cikin ɗaki ba. A kan dakalin taga na ajiye shi, ta wajen baranda, fuskarsa na kallon titi. Na ce kada in ji muryarsa a cikin gidana, to baranda ai waje ce. Da wannan wayon na rufe bakin zuciyata shekara shida, uwargida kuma takan kawo min shayi can, ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar wani abu da ba ya buƙatar tsinta.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da juriya. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ba ta taɓa juya fuskarta daga inda na nuna mata ba. Tattabarun tela sun mai da haƙarƙarinta wurin hira, sun yi mata abin da tattabaru ke yi, ba ta kai ƙara ba. Ba ta cin wuta, ba ta shan mai. In iska ta taso takan yi wani siririn fito, fiiiii, wanda uwargida ta tsana, ni kuwa shi ke gaya min tana nan. Babbar nagartarta ita ce riƙon amana. 'Yata ta sha cewa in bari ta sa min tashar a waya, yanzu komai ya zo da sauƙi. Amma a waya sai na buɗe baki na faɗi sunan tashar, sai an gan ni ina nema. Marigayiya ba ta taɓa sa ni na roƙi kowa ba. In na kunna, ta kawo. In mutum ya shigo, in ce labarai nake ji, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ta hanyarta na ci gaba da zama uba, daga nesa, a ɓoye. Na san ranar da ya kwana da yunwa, na san ranar da aka ɓata masa rai kafin ya shiga. Kafin ya karanta labarin rashi yakan yi gyaran murya sau biyu, ni ma haka nake yi kafin in gaya wa mai ƙofa cewa ƙarfensa ya ruɓe. In na ji hancinsa a toshe sai in ce, ba tare da na kalli kowa ba, mai labaran nan mura ke damunsa, ya kamata wani ya ce ya sha zuma. Uwargida ta tashi ta zaga bayan ɗaki da wayarta. Bayan kwana biyu murya ta washe. Ta bakin marigayiya na ji an yi masa haihuwa, da ya yi mako bai zo ba, abokin aikinsa ya ce ana taya shi murnar samun 'ya mace. Ranar na rufe shago da wuri. Na haɗa wata 'yar kujera ta ƙarfe, na goge bakunanta sumul don kada su yanki yaro, na shafa mata shuɗin fenti, na tura ta bayan tulin kwano na rufe da buhu. Tana can shekara huɗu.

Ciwon ajali ya fara ne da daminar bana. Tef ɗin da na naɗa ya tsufa ya saki, ruwa ya sami hanya. Muryar ta fara dishewa, sai shhhh ɗin nan na da ya riƙa dawowa, musamman in hadari ya haɗu. Gwiwoyina ba su son tsani yanzu, na yi ta cewa gobe. Sai iskar makon jiya ta zo ta tsaga haƙarƙarin tsakiya, wanda kebul ke kamawa, ta bar shi yana reto. Duk da haka marigayiya ta yi ta ƙoƙari, tana kawo rabi tana zubar da rabi.

Ranar Litinin da safe, bayan sanarwa, aka shiga filin da suke hira a kan sana'o'in hannu. Ina share gaban shago da rabin kunne, sai na ji Aku ya ce: “Ni ma ɗan mai walda ne. Ƙofar da mahaifina ya haɗa, sai dai gini ya faɗi ya bar ta a tsaye. Akwai abin da na daɗe ina so in gaya masa, shi ne...” Shhhhhh. Na jefar da tsintsiya, na jijjiga kebul, na daki rediyo, na kama shi na ɗaga hannu sama kamar shekarun baya. Da muryar ta dawo, wata mace ce ke cewa za a maimaita shirin gobe Talata da ƙarfe goma sha biyu. Wannan ce magana ta ƙarshe da marigayiya ta kawo min.

Da yamma tela ya riƙe tsani, na hau ina addu'a na sauko da ita. Na kira mai shago. Ya ce abin ba wuya, akwai ɗan maƙalli da ake kama wurin da shi da noti biyu, amma ya ƙare, sai Alhamis zai zo. Ya ƙara da cewa: “Baba, don Allah kada ka sa mata wuta. Alminiyam ce, ba irin ƙarfenku ba ne.” Na ce na ji. Talata ta waye, ƙarfe goma ta yi, saura sa'a biyu. Ga ta kwance a kan teburina, tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ga injin walda a gefena. Shekara arba'in ina haɗa abin da ya rabu. Na ce a raina yaron kanti ne zai koya min wuta? Na rage injin iya ragewa, na ja gilashin kare ido, na ɗan taɓa ta taɓawa ɗaya.

Ba ta yi ƙara ba. Tsss kawai na ji. Da na ɗaga gilashi, babu tsaga, babu haƙarƙari, babu mahaɗar kebul, sai wani dunƙule mai sheƙi yana ɗiga a ƙasa kamar kitse. Garin gyaran gira na rasa ido. Na zauna a kan benci da ita a cinyata har sha biyu ta buga, har ɗaya ta buga, rediyo yana ta shhhh a baranda, ban tashi na kashe shi ba. A zaunen nan na ga abin da na ƙi gani shekara takwas. Ni wuta ɗaya na sani, wutar ƙarfe mai kauri, kuma duk abin da ya tsage a gabana ita nake sa masa. Abu biyu na ƙona da hannuna a shagon nan, ita da ɗana, kuma dukansu ba irin ƙarfena ba ne. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Uwargida ta zo da waya a hannu ta ce bari ta tambayi ɗanmu abin da ya faɗa. Na ce ta bari. Ba ta bakin wani nake so in ji ƙarshen maganar nan ba.

Marigayiya ta rasu ta bar rediyo guda, wanda tun ranar bai ƙara cewa komai ba sai huci. Ta bar kebul mai kamu talatin yana reto a bango, da sanda tsirara a kan rufi, da wayoyi uku da ke riƙe da abin da babu. Ta bar tattabaru tara da ke zagaye gidan suna neman wurin sauka. Ta bar tela da tsaninsa, da mai shago wanda ya zo gaisuwa bai ce “ai na gaya maka” ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta bar uwargida, wadda ta yi shekara shida tana yin kamar ta yarda yanayin sama nake saurare. Ta bar 'yar kujera shuɗiya da ba a taɓa zama a kanta ba. Ta bar allon shago mai kalma biyu da na sha ɗaukar fenti zan goge, in mayar da gwangwanin. Ta kuma bar ni, tsoho mai taurin kai, ƙarfe bakwai tana bugawa ina zaune a baranda da kofi a hannu kamar wanda mota ta tafi ta bari.

Masu zuwa gaisuwa su daina ce min a sayi wata eriyar. Mai shago ya riga ya kawo sabuwa, irin ta sak, tana jingine a bayan ƙofa cikin kwalinta. Ban buɗe ba. Na gaji da jin ɗana ta kan rufi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a gidan mai walda na ƙarshen layi, mai koren ƙyaure. Ba za a ba mai sayen tsofaffin ƙarafa gawar ba ko da ya yi ta zarya. Za a naɗe ta a buhu mai tsabta a sa ta a ramin da na haƙa a gindin bangon baranda, daidai ƙarƙashin tagar. A rami ɗaya za a binne ta da maganar da na faɗa a gaban mutane shekara takwas da suka wuce, kuma tun da a gaban mutane na faɗe ta, a gaban mutane nake janye ta: surutu sana'a ce, na ji da kunnena safiya dubu biyu, kuma ban taɓa jin wanda ya iya ta kamarsa ba. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Akwai shayi, akwai benci, akwai kujerar yaro guda ɗaya ga wanda ya zo da yarinya.

Daga nan za a shigar da rediyo cikin ɗaki.

Mai karatu, in ka kawo nan, na san ka yi gyaran muryar nan sau biyu. Duk garin da ke bayan duwatsu ya ji ka, da duk mai eriya a garinmu. Ni kaɗai ne ba zan ji ba, don abin da zan ji da shi na kashe shi da hannuna. Ba ni da hanyar sanin ko ka karanta ko ka ninke ka ajiye, sai guda ɗaya. Ƙyauren yana nan yadda ka bar shi, ni na haɗa shi, bai faɗi ba. Ranar Asabar a buɗe zai wuni. In ka iso kada ka ƙwanƙwasa, ka yi sallama da ƙarfi, daga cikin gida nake so in ji.